Barin Kashi a Ciki Ba Ya Maganin Yunwa

Shekara uku na yi ina gaisawa da aminiyata da haƙora, zuciyata kuwa tana zaginta. In mun haɗu a gidan biki sai mu rungumi juna, in tambayi maigidanta, ta tambayi yarana, mu rabu kowa na cewa "sai na zo", alhali ba mai zuwa. Abin da ya raba mu jika 200 ne. Ga ƴan'uwanmu na Najeriya, jika ɗaya a bakinmu na Maradi sefa dubu ce. Kuɗi ne masu kauri ga malamar makaranta irina, amma ba su kai a sayar da amincin shekara ashirin da wani abu a kansu ba. Na sayar kuwa. Da na tashi raɗa wa abin suna, sai na ce ni mai kara ce, mai kunya, mai haƙuri.

Na fara da kaina ne don kada wani ya ce na hau tudu ina jifan na ƙasa. Abin da nake son faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba: mafi yawan abin da muke kira kunya a cikin gidajenmu tsoro ne. Muna tsoron minti goma na zama fuska da fuska, muna tsoron a ce mun cika son abin duniya, muna tsoron a ɓata mana rai a gabanmu. Sai mu ɗauki tsoron nan mu yafa masa mayafin tarbiyya, mu yi ta yawo da shi shekara da shekaru, har ya cinye zumuncin da muka ce shi muke karewa.

Ga yadda tawa ta faru. Bayan Ƙaramar Sallah ta 2019 na yi kwasar adashe. Aminiyar tawa tana fataucin atamfa, tana saro kaya a Kantin Kwari a Kano, ta biyo ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa ta shigo da su Maradi. Ta zo gidana da la'asar, muna tsinke zogale, ta ce jarinta ya yi ƙasa. Na shiga ɗaki na ƙirgo kuɗin na miƙa mata, na ce, "Ga wannan ki juya." Ta ce, "Allah ya bar zumunci." Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Ban ce rance ba ne, ba ta ce jari ba ne. Ban tambayi ranar biya ba, don a ganina tambayar nan ƙaranta ce tsakanin aminai. Da ta dawo daga tafiyar farko ta aiko mini da turmin atamfa mai kyau, na ɗinka, na yi godiyar tsaraba.

A watan Agusta na wannan shekara gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai a Disambar 2020. Duk wanda ke Maradi ya san abin da rufewar nan ta yi wa kasuwa. Kayan tafiyarta ta biyu suka maƙale a tsallake, ta ba masu fito ta hanyar daji, aka kama su, ko ƙyalle bai iso ba. Na ji labari, na je na yi mata jaje, na dawo gida ina jiran ta zo ta ce mini ga yadda za a yi da kuɗina. Ba ta zo ba. Wata uku, wata shida, shekara. Ni ma ban tambaya ba.

Amma kada mai karatu ya ɗauka shiru na yi. Na gaya wa maigidana. Na gaya wa ƙanwata. Na gaya wa facalata, wadda na sani sarai bakinta ba ya riƙe ruwa, kuma in zan faɗi gaskiya don haka ma na gaya mata. Na gaya wa matan adashenmu, ina yi ina cewa "ba wai gulma ba". Na koma WhatsApp ina ɗora maganganun cin amana a kan status, ina leƙawa in ga ko ta buɗe. Ta buɗe. Kwana biyu ita ma ta ɗora nata a kan masu gori. Duk garin nan mutum ɗaya ce kaɗai ba ta taɓa jin maganar daga bakina ba, ita ce kuwa mutum ɗayan da za ta iya warware ta.

A 2022 ƴata ta fari, tana ƴar shekara goma sha huɗu a lokacin, ta ji ina maimaita zancen a waya, ta ce, "Inna, to ita kin tambaye ta?" Na daka mata tsawa, na ce yaushe ta fara sa baki a maganar manya. Daren nan ban yi barci ba. Washegari bayan la'asar na hau kabu-kabu na tafi gidan. Muka shiga ɗaki mu biyu, na ce, "Ƙawata, na zo ne a kan kuɗin nan. Na daɗe da abin a raina, ban kyauta ba da ban zo tun farko ba." Ta dube ni, ta tashi ta buɗe akwati ta ɗauko wani ɗan littafin lissafinta. Ga sunana, ga jika 200, a gefe ta rubuta jari. A ƙasa ga ribar tafiyar farko, ga rabona jika 15, ga alamar ta biya da turmin atamfa. Zanen da na ɗaura na je suna da shi ina cewa tsarabar aminiyata ce, ashe ribata ce na ci. A lissafinta mun haɗa jari, mun ci riba tare, asara ta zo ta same mu tare, ita ma jarinta kaf ya tafi. A lissafina rance na bayar aka hana ni. Ba wadda ta yi ƙarya a cikinmu. Hirar ba ta kai rabin awa ba. Muka shirya a kan za ta mayar mini da rabi, jika 5 duk wata.

Malaman da suka karantar da mu sun gaya mana aya mafi tsawo a Alƙur'ani ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, kuma a kan bashi take: a rubuta, a sa lokaci, a kafa shaidu. Na san wannan tun ina makarantar allo ta dare. Amma a zamanmu na yau, ka ce wa ɗan'uwanka "mu rubuta", sai ya ce ba ka yarda da shi ba. Mun kai matsayin da muke ganin mun fi ƙarfin abin da aka umurce mu da shi, wai mu zumuncinmu ya wuce takarda. To ga inda zumuncin da ya wuce takarda ya kai ni. A Suratul Hujurat kuma an kamanta mai gibar ɗan'uwansa da mai cin namansa bayan ya mutu, hadisi ingantacce ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku. Ni na ci naman shekara uku, na yi gabar shekara uku, ina sallah ina azumi, ina ganin ni ce aka zalunta. Abu ɗaya da ba a hana ni ba, in je in nemi haƙƙina, shi na ɗauka abin kunya. Akwai labarin mutumin da ya zo ya yi wa Annabi (SAW) tuni a kan bashi da kaushin harshe, sahabbai suka yunƙura, ya hana su taɓa shi, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da damar magana. In an bar wannan ya yi magana a wannan majalisi, wane ne yayana ko mijina ko aminiyata da za a ce ba a tunkararsu?

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta daga bakin goggonnina. Za a ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Za a ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Za a ce haƙuri maganin zaman duniya. Ban musa ko ɗaya ba. Akwai abin da ya kamata a haɗiye, kuma mai tayar da magana a kan kowane cokali da ya ɓata ba zai zauna da kowa ba. Amma haƙuri yana da alama. Wanda ya haƙura ya yafe, abin ya fita ransa, in ya ga mutumin gabansa ba ya faɗuwa, ba ya kuma kai zancen gidan kowa. In kin ce kin haƙura amma kin gaya wa mutum biyar, in kika ji muryarta a tsakar gida sai ki shige ɗaki, in ɗanta ya zo kika rage masa nama a miya, to ba ki haƙura ba, ajiya kika yi. Ajiyar nan kuwa haihuwa take yi. Ranar da za ta fashe, a kan abin da bai kai ya kawo ba za ta fashe, a gaban mutane, a tono na shekara goma a zube. Sai a ce wance ta cika faɗa, daga an taɓa bokitinta. Ba bokitin ba ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda muke alfahari da habaici. Na yarda gwaninta ce. Kakanninmu mata sun yi ta a bakin turmi da dutsen niƙa, kishiya ta saƙa wa kishiya magana a cikin waƙa har mai wucewa ya tsaya saurare. Har yau a gidajenmu ana korar kaza da maganar da maƙwabciya ake nufi, ana yi wa yaro faɗa don uwarsa ta ji. Wayar hannu ta zo ta ba wannan hali fili, yanzu gugar zana a Facebook ake yin ta, mutum ɗari uku na kallo. To amma a duba me habaici yake isarwa. Yana isar da zafi, ba ya isar da bayani. Wadda aka yi dominta ta san ana fushi da ita, ba ta san takamaimai me ake so ta yi ba, ba ta kuma da ƙofar kare kanta, don da ta buɗe baki za a ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mai habaici ya riga ya tanadi hanyar gudu: "Ni na kama suna?" Wannan kuwa halin matsoraci ne, ya yi jifa ya ɓoye hannu. Ga kuma waɗanda ba su ji ba su gani ba. A lokacin da nake ɗora nawa, wata abokiyar aikina da ta taɓa aron jika 3 a hannuna, ta kuma biya, ta daina shiga ofishinmu in ina ciki. Sai bayan shekara na gano ta ɗauka da ita nake.

Sai aike. In abu ya dame mu, maimakon mu tafi, sai mu nemi wanda zai je. A tura ƙanwa wurin yaya, a tura aboki wurin miji, a tura goggo wurin uwa. Manzon nan mutum ne, yana da nasa ra'ayi, yana da nasa tsohon miki. Zai rage abin da ya ga ya yi nauyi, ya ƙara gishiri inda ya ga ya yi lami, ya dawo da amsa ita ma ya gyara ta. Kuma wanda aka aika wa, abu na farko da zai ji a ransa shi ne an tona masa asiri, an kai shi gaba kafin a zo gare shi. Daga nan ba maganar kuɗi ko gona ake yi ba, maganar mutunci ake. Ban ce sa bakin manya ba shi da wuri ba. In an zauna an kasa, in akwai duka, in ɗaya ya fi ƙarfin ɗaya har ba za a saurare shi ba, dole a kira na uku, addini ma ya tanadi masu sulhu daga dangin miji da na mata. Amma wannan mataki na biyu ne. Mu mun mayar da shi na farko, sau da yawa ma shi kaɗai.

Wani Bature mai suna Kirk-Greene ya yi wata lacca a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, aka buga ta a 1974. Ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ba wani sabon abu ya gaya mana ba, abin da ya ji a bakin iyayenmu ya tattara. Abin da nake so a lura, kunya ɗaya ce cikin goma. Mun ɗauke ta mun naɗa mata rawani, ta hau kan gaskiya, ta hau kan adalci, ta hau kan amana. Ina son kunya. Har yau ba na kiran sunan ƴata ta fari a gaban iyayena, ba na cin abinci a gaban surukina, kuma ba na fatan ranar da jikokina za su rasa wannan. Irin wannan kunya ba ta cin haƙƙin kowa. Wadda nake yaƙi da ita ita ce mai sa marainiya ta bar gadonta, mai sa magidanci ya yi ta ciyar da ƙato ɗan shekara talatin yana zaginsa a zuci, mai sa yarinya mai cikin fari ta kwana tana naƙuda a ɗaki ta danne bakinta don kada surukai su ji. A Danja, nan kusa da Maradi, akwai asibitin masu yoyon fitsari da aka buɗe a 2012. Nisan asibiti da talauci da auren wuri suna cikin abin da ke kai mata can, amma duk ungozomar da ka tambaya za ta gaya maka jinkirin faɗa ma yana ciki. Nana A'isha ta yabi matan Madina a kan cewa kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba. Mu tamu ta hana mu faɗin inda ke mana ciwo.

Kuma kada a ce mini faɗar gaskiya ido da ido baƙon hali ne da ƴan boko suka kwaso. Mu ne fa masu wasan taubasai. Ɗan mace da ɗan namiji su haɗu, wannan ya ce wa wancan marowaci a gaban matarsa, a yi dariya, amma saƙo ya shiga. Jika ya gaya wa kakansa abin da ubansa ba zai iya ba. Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, kowa ya san abin da ke tsakaninsu. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasa na Nijar cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su, muka yi murna. Waɗanda suka kafa wannan al'ada sun san cewa zama ba ya yiwuwa sai da ƙofar da gaskiya za ta fita, shi ya sa suka huda mata. Sai dai ƙofar ba ta isa ko'ina ba. Taubashina zai iya ce mini na yi rowa, amma yayana uwa ɗaya uba ɗaya, da mijina, da aminiyata, waɗanda da su ne nake da kuɗi da gona da ƴaƴa a tsakani, babu wasan da zai isar musu da magana. Dole sai an zauna an faɗa da baki.

Bayan abin da ya faru da aminiyata na ce ba zan sake ba, sai na waiwayi wata tsohuwar ajiya da ta fi waccan girma. Mahaifinmu ya rasu ya bar gonar tudu da ƴar fadama a bakin gulbi. Yayanmu ya ci gaba da noma, duk kaka ya aiko wa kowace mace da ƴan damman gero, mu yi godiya. Shekara goma sha bakwai ba a raba ba. Mu mata huɗu kowa na maganar a ɗakinta, ba mai iya furtawa, don a wurinmu mace ta tambayi yayanta gadon gona kamar ta ce ya mutu ne. Ƴaƴansa sun tashi suna cewa "gonar babanmu", kuma ba su yi laifi ba, abin da suka buɗe ido suka gani ke nan. Ɗaya daga cikin ƙannena mijinta ya rasu, tana sayar da ƙosai tana biyan haya, alhali tana da rabo a ƙasar da kuɗinta ke hawa kullum saboda gari ya matso. Na ga yadda irin wannan ta ƙare a wasu gidaje: iyaye su mutu da kunyarsu, ƴaƴa su gaji rigimar, a kai ga sanda da adda, a kai ga jandarma da alƙali.

Na je ƙauye ranar wata Juma'a, na bari ya dawo masallaci ya ci abinci, na same shi shi kaɗai a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Yaya, Allah ya ba ka haƙuri, wata magana na zo da ita, ba kuma wanda ya aiko ni. Gadon Baba nake so a raba tun muna da rai, kowa ya san nasa, ko da kai za ka ci gaba da nomawa." Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ashe ina cin haram ban sani ba. Ni na ɗauka kun bar mini." Na ce, "Yaya, ba wadda ka tambaya, ba kuma wadda ta faɗa. Laifin namu ne mu duka." Ya tashi ya shige gida. Wata biyu ba ya ɗaukar wayata. Matarsa ta ce boko ya fitar mini da ido. Ɗaya daga cikin yayyena mata, wadda ta fi kowa ƙorafi a bayan fage, ita ta fara cewa ita ba ta aike ni ba.

A wata na uku shi da kansa ya kira liman da maigari, aka auna, aka raba yadda ayoyin Suratun Nisa'i suka tsara. Na dage a rubuta. Tun 1993 Nijar take da dokar filayen karkara, akwai kuma kwamitocin filaye da muke kira Kofo, waɗanda ke ba da takardar shaida, amma mutanenmu da yawa ba sa zuwa sai rigima ta ɓarke. Muka je lafiya lau aka yi mana. Biyu daga cikinmu suka bar masa nasu yana nomawa aro, a rubuce. Mai ƙosai ta sayar da wani yanki ta sayi ɗan fili ta yi ɗaki biyu. Ba zan ce komai ya koma daidai ba. Yaya yana amsa gaisuwata, amma dariyar da yake yi da ni a da ta ragu, kuma ina jin zafin haka. Duk da haka in aka mayar da ni zauren nan zan sake durƙusawa in faɗa.

Akwai wasu da za su karanta wannan su ce yawwa, ai mu dama ba ma ɓoye-ɓoye. Ku ba nawa ba ne. Na san irinku: mai jiran a cika a gidan suna sannan ta tuna ana bin wance bashi, mai kiran ƙaninsa a gaban matarsa ya wanke shi tas, in an yi magana ya ce gaskiya ɗaci gare ta. Wannan cin mutunci ne, kuma ku ne kuka sa masu kunya suka ƙara tsorata da magana. Wanda ke son gyara yana zuwa shi kaɗai, yana zuwa tun abin yana ɗanye, yana zuwa da magana ɗaya, ba ya kwance buhun shekara goma. Yana kuma fara da tambaya, domin mai yiwuwa akwai littafin lissafi a cikin akwati wanda bai gani ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma ya danganta da murya da wurin da aka faɗe shi.

Ƙarshen fushina kuwa a kan manya yake, masu gida da iyaye da yayye da uwayen miji. Ni ina da albashi, ina da shekaru, in Yaya ya yi fushi ba zan kwana da yunwa ba. Yarinyar da aka kawo gidan miji bara, wadda uwar miji ke buɗe mata tukunya tana ƙirga nama, in na ce mata tashi ki faɗa, na san abin da zai iya biyo baya, takarda ce a hannu. Ba ita ta sa magana ta yi tsada ba. Ku ne, da duk wanda ya buɗe baki a gabanku kuke ce masa mara kunya, fitsararre. Uban da in ya yi sallama yara ke watsewa kamar an jefa dutse cikin tsaki, yana ganin kwarjini ne, shi ne na ƙarshe da zai ji ɗansa ya fara shaye-shaye. Mijin da ba a iya ce masa cefane bai isa ba, matarsa za ta ci bashi a ɓoye ta rufa masa asiri, ranar da mai bashi ya yi sallama ya ce an ci amanarsa. Kun toshe ƙofa, kuna mamakin yadda maganar gidanku ke fita ta katanga. A Alƙur'ani akwai sura guda, Mujadala, da ta samo sunanta daga macen da ta je ta yi ta jayayya a kan abin da mijinta ya yi mata, ba a ce mata mara kunya ba, aka saukar da hukunci a kan kukanta. Ni ma nan da ƴata ta gaya mini gaskiya tsawa na fara yi mata, don haka ban cire kaina ba. Na dai koma daga baya na ce mata ta yi daidai, ta dube ni kamar na yi wani yare.

Aminiyata ta gama biya cikin wata ashirin, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ɗanta take aikowa da kuɗin a ƙulle a leda. Abin da ban iya biya ba shi ne nawa. Maganar da na saka a bakin facalata ta yi tafiya har ta isa gidan da suka zo neman auren ƴarta, aka ce uwar yarinya macuciya ce, ta cinye kuɗin aminiyarta. Suka janye. Ita ta gaya mini wannan da bakinta, a ɗakin nan, ranar littafin lissafi, ba ta ɗaga murya ba. Na je gidan mutanen na warware, suka saurare ni, suka ce Allah ya kyauta, amma ɗansu ya riga ya yi aure.

Yarinyar ta samu wani mijin bara. An aiko mini da goro da alawa kamar kowa. Na je da gudummawata, aka shimfiɗa mini tabarma a rumfar baƙi, aka kawo mini shinkafa a kwano mai murfi. Daga inda nake zaune ina hango madafa, inda aminan uwar amarya ke zagaye da tukwane, ɗaurin ƙirji, suna rabon nama suna shewa. Wata da ba ta fi shekara biyar da sanin gidan ba ita ke riƙe da makullin ɗakin kaya.